Fuskar Baba a Kan Dinarin Rum

Zuwa ga Innata Hereniya, a Benafurum.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da ƙanena Miniyus. Yaya gwiwar nan taki da ke tashi in an yi ruwa? Yaya idon Baba? In kuna lafiya, ni ma ƙalau nake, sai kunnena da ya kusa toshewa da ƙarar guduma.

Kin tambayi ainihin aikin da aka zaɓe ni in yi, tunda Baba yana ta shela a gari wai ɗansa ne ke riƙe da kuɗin Rum gaba ɗaya. Ki rage masa kaɗan. Mu uku ake zaɓa kowace shekara, samari masu neman ƙofar shiga majalisa, mu kula da maƙerar kuɗi da ke kan tudu jikin haikalin allahiya Juno. Ma'aji ya auno azurfa, maƙera su narka su buga, mu kuma mu tsaya cikin farin mayafi muna gyaɗa kai kamar mun san abin da ake yi. Ɗaya abokin aikin nawa, Mamiliyus, barci yake zuwa yi, ko kukan dinyoyin haikali ba ya tashinsa. Ɗayan kuma Ankariyus ne, ɗan manyan gida, wanda tun ranar farko ya raɗa mini suna "ɗan mai man zaitun". Ina yi masa dariya, amma ba ta kai ciki.

Abu ɗaya ne namu na kanmu a wannan aiki. Kowa shi zai zaɓi hoton da za a buga a dinarinsa, kuma kowa kakansa yake ɗorawa. Kin san tun da Maigida Sarbiyus Kurtiliyus ya mai da ni ɗansa a gaban alƙali, kakanninsa suka zama nawa. Ya ce in ɗora Kaiso Kurtiliyus, wanda aka ce shi kaɗai ya tsare wata ƙofar gari ranar da mayaƙan Galawa suka shigo Rum.

Muka je zaure, aka buɗe akwatin da ake ajiye fuskokin kakin zuma na magabata. Ashe akwatin Kaiso ya daɗe yana jingine da bangon ɗakin girki. Inna, hancin jarumin ya narke ya sauko kan haɓarsa, ido ɗaya ya gangaro kumatu. Maigida ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "To, ɗana, je ka sa a yi masa fuska ta maza. Wa ya san shi? Waɗanda suka san shi sun daɗe da zama toka."

Na tafi wurin Nikandar, Bagirken da ke sassaƙa mana hatimin ƙarfe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ba na sassaƙa iska. Faɗa mini kamanninsa." Na zauna na faɗa masa abin da ya zo bakina.

Ga dinarin farko da ya faɗo daga hatimin nan na naɗe miki a ƙyalle. Ki duba shi ke kaɗai a hasken rana kafin ki miƙa wa Baba. Ki gaida shi, ki ce zaitun ɗin da ya aiko ya iso, har Maigida ya yaba.

Ki zauna lafiya.
Ɗanki, Numeriyus

Zuwa ga Innata Hereniya.

Gaisuwa da fatan alheri. Na ji gwiwa ta yi sauƙi, na ji daɗi. Ki ce wa Miniyus na gode da cukun.

Wasiƙarki ta iso, kuma ban ga amfanin yi miki kwana-kwana ba. E, shi ne, fuskar Baba ce. Na san ko duk duniya ta kasa ganewa ke za ki gane, tunda ke kika ɗinke kunnen nan da hannunki ranar da alfadarin Kawu ya cije shi. A nan Rum mutane suna nuna tsagar kunnen suna cewa saran takobin Galawa ne. Na ji wani yana rantsuwa a kasuwa cewa kakansa ya ga lokacin da aka yi saran.

Ban yi niyya ba da farko, ki yarda da ni. Nikandar ya ce goshi fa, na ce mai faɗi ne, da layi biyu. Ya ce hanci, na ce ya ɗan karkace a tsakiya. Sai da na kai kunne na ji abin da bakina yake yi. A nan ya kamata in tsaya, ban tsaya ba. Da ya kawo mini gwajin a kan darma na ga Baba yana kallon gefe, kamar yadda yake yi in yana duba ko hadari zai taso ta kan dutse, sai na kasa cewa a canza.

Tun ranar da aka ba da ni nake ɗauke da wani abu a ƙirji. Ba ki je ba, don haka ba ki gani ba. Al'ada ta ce sai uba ya sayar da ɗansa sau uku kafin igiyar da ke tsakaninsu ta tsinke. Aka kawo ma'auni, aka buga guntun tagulla a jikinsa, Baba ya miƙa ni. A na farko ya yi wasa, ya ce wa alƙali, "Ranka ya daɗe, wannan kaya ci ne da shi, a ƙara wani abu." Aka yi dariya. A na biyu ya bar wasan. A na uku ya daɗe bai ɗauke hannunsa daga kafaɗata ba, ni kuwa hankalina yana kan sabon zoben da za a sa mini. Don ci gabana ya yi, na sani, amma ko juyawa ban yi na dube shi ba. Na ga kamar in na ɗora shi a kan azurfar Rum na biya shi wani abu. Sai yanzu nake ganin fuskar ma ƙwace ta na yi na ba wani gida, da sunan wani a ƙarƙashinta.

Ga abin da ya sa nake roƙonki. Ba a buga fuskar mai rai a kuɗin Rum. Sarakunan gabas ke yin haka, kuma kin san yadda kalmar sarki take a kunnen mutanen nan. Alloli da matattu kaɗai ke hawa dinari. In aka tabbatar mai rai ne, ni na gama yawo, Maigida zai kore ni, Baba kuma za a iya jan sa gaban shari'a a kan abin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Kada ki faɗa masa. Kin san shi, cikinsa ba ya riƙe magana. In ya ji da safe, kafin rana ta take wanzami ya sani, kafin yamma gari ya ɗauka. Idonsa ba zai nuna masa ba, kuma ba wanda ya taɓa ganin kansa ta gefe. Ki je gaban allolin gida ki rantse mini ba za ki faɗa ba sai na sake ki. Shekarar aikina tana ƙarewa za a farfasa hatiman, maganar ta mutu, sai in zo da kaina in durƙusa in gaya masa.

Ki gaida kowa.
Ɗanki, Numeriyus

Zuwa ga Innata.

Ina gaishe ki, ina fatan zafin nan bai takura muku ba. Na gode da rantsuwar da kika yi, ko da yake na ji yadda kika rubuta ta, kamar mai haɗiyar magani.

Ana wata ga wata. Akwai wani tsoho mai sayar da mai a bakin kogi, Statiyus, da ya daɗe yana sarin man Baba kafin ya dawo Rum da zama. An biya shi da sabon dinari, ya ɗaga shi sama ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Yau ga Obiyus na Benafurum ya zama jarumi. Har da kunnen alfadarin." Bawan Ankariyus yana wurin yana sayen mai.

Washegari a maƙera Ankariyus ya zo ya dafa kafaɗata a gaban ma'aikata, yana juya dinarina a yatsunsa. Ya ce, "Abokina, wannan kakan naka ya ji jiki. An ce har yanzu yana matsar zaitun a kudu. Shekarunsa nawa yanzu, ɗari uku?" Na ce masa zafin wuta ne ya taɓa masa kai. Ya ce, "Ƙila. Amma ina son in gaishe da tsohon. Mu a gidanmu ana girmama na gaba." Mamiliyus ya buɗe ido ɗaya ya ce mu yi wa Juno mu bar shi ya huta.

Ni da Ankariyus kujerar ma'aji ɗaya muke hange nan gaba, kuma ya ga hanyar da zai rage mugun iri. Maganar tsoho mai mai ba hujja ba ce. Abin da Ankariyus yake buƙata shi ne ya tsayar da Baba a tsakiyar dandali, dinari a hannu ɗaya, kunnen Baba a ɗayan. Na sami labari ya tura mutumensa Benafurum da keken doki mai rumfa da wasiƙar gayyata, wai abokin ɗansa ne ke son ya karrama shi a bikin wasannin kaka, ya kai shi ya ga inda ɗansa ke aiki.

Kin san Baba zai zo. Tun sanyin bara yake cewa kafin idon ya rufe gaba ɗaya yana son ya gan ni tsaye a kan tudun nan. In aka ce masa hanya ba kyau zai ce ya taka wadda ta fi ta da ƙafa yana soja. In aka ce ba ni da lafiya, da gudu zai taho. In aka gaya masa gaskiya, to shi ke nan, zai zo ya hau dutse a dandali ya ce, "Fuskata ce, ɗana ne ya sa, sai me?" Na juya maganar ta kowace fuska, abu ɗaya kawai na samu da zai zaunar da shi a gida.

Wasiƙar da ke cikin wannan tasa ce. Ki sa Miniyus ya karanta masa, kada ki karanta da bakinki. Na rubuta ta na yaga, na sake rubutawa, don wadda na fara ta yi laushi, zai gane ba daga zuciyata take ba. Wannan ba zai gane ba. Ki yafe mini, Inna. In kin ga ya shiga gona ya daɗe, ki tura wani ya bi shi.

Ɗanki, Numeriyus

Zuwa ga Obiyus Safiniyus, a Benafurum.

Gaisuwa. Na ji kana shirin zuwa Rum. Ina roƙonka kada ka zo. Kai da kanka ka ba da ni a gaban alƙali, kuma yanzu ubana Sarbiyus Kurtiliyus ne. A gidan da nake ana lura da wanda ke shiga da wanda ke fita, da irin maganarsa da irin takalminsa. Zuwanka zai ba abokan hamayyata abin dariya, kuma ba ni da inda zan sauke ka. Zaitun ɗin ma a daina aikowa, akwai mai kawo mana. Ina yi maka fatan lafiya.

Numeriyus Kurtiliyus

Zuwa ga Innata Hereniya.

Ina gaishe ki da gajiyar girbi. Yaya aka ji da tsinkar zaitun bana? Na ji an ce itatuwan gangare sun yi 'ya'ya har rassa suna karyewa.

Keken Ankariyus ya dawo ba kowa a ciki, na gan shi da idona. Ya daina dafa kafaɗata, amma bai haƙura ba. Yana neman wani daga cikin wakilan talakawa da zai shigar da ƙara, a tilasta wa Baba zuwa da takardar sammaci. Ana cewa ba wanda ya karɓa tukuna, kowa yana jin nauyin Maigida.

Na karanta abin da kika rubuta har na haddace. Cewa Baba ya sa Miniyus ya maimaita masa wurin takalmin. Cewa bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Yaron yana da gaskiya," ya tashi ya mayar da sabon mayafin da ya saya cikin akwati. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Kin ce wanzami ya ce masa mutumin da ke kan dinarin yana kama da shi, ya ɗauka ba'a ake yi masa saboda labarin wasiƙar ya zaga gari, ya daina zuwa aski, yanzu ke kike rage masa gemu da almakashi. Wannan ma ni ne.

Kin roƙe ni in sake ki daga rantsuwar, kin ce tarin nan nasa ba ya miki daɗin ji. Inna, ki ƙara haƙuri kaɗan. Tari ne na ƙurar matsar zaitun, kowace kaka yana yi. Saura ƙiris shekara ta ƙare. In ya sani yanzu, farin ciki zai buɗe masa baki, kuma mutumen Ankariyus yana nan garinku yana sayen mai da ba ya buƙata. Na san me nake roƙonki. Kullum in na hau tudu na ji gudumar nan tana sauka, ina sane da fuskar wa take bugawa, sai abinci ya fita raina. Ba don ki tausaya mini nake faɗa ba, ban cancanta ba.

Na aiko da zuma da wani garin magani da likitan Maigida ya haɗa. Ki ce daga wurin 'yar'uwarki ne. Ana farfasa hatimai zan kamo hanya, ko ƙanƙara ake zubawa.

Ki kula da kanki, ki kula mini da shi.
Ɗanki, Numeriyus

Zuwa ga Innata.

Ban san da wace gaisuwa zan fara ba. Yaya haƙuri? Yaya Miniyus? Na gode masa da ya rufe wa Baba ido, ya kira sunansa, ya kunna wutar ƙona gawar. Aikina ne a da, na sayar da shi.

Ɗan saƙonku ya same ni a farfajiyar maƙera da hantsi, ana shirin farfasa hatiman shekara. Kwana kaɗan ya rage in taho, kayana ma a ɗaure suke. Kafin rana ta faɗi labari ya kai ko'ina. Ankariyus ya zo ya yi mini ta'aziyya a gaban mutane yadda ya kamata, sannan ya sunkuyo ya ce a hankali, "Tsohon naka ya iya zaɓen lokaci, ɗan mai man zaitun. Yanzu ko shi ne, ya halatta." Ƙarar da yake haɗawa ta watse a ranar. Ba alƙalin da zai saurari maganar fuskar mamaci, kuma an ƙone kunnen da za a nuna.

Maigida ma ashe ya daɗe da sani. Ya kira ni ɗakinsa ya ce, "Na ga mutumin sau ɗaya a gaban alƙali, ba na manta fuska. Ya fi Kaiso kyau, in gaya maka gaskiya. Alloli sun rufa mana asiri, ɗana. Kada ka sa baƙin mayafi a gidan nan, mutane za su yi tambaya." Ban sa ba. Ina rubuta miki wannan cikin fari.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kuma ke kaɗai kike da haƙƙin ji. Lokacin da ɗan saƙon ya ce Baba ya rasu, abin da ya fara zuwa mini ba kuka ba ne. Ajiyar zuciya na yi. Kafaɗuna suka sauka, na ji wani abu a cikina ya ce, na tsira. Bai daɗe ba, kamar ƙiftawar ido, sannan sauran ya biyo baya. Amma shi ya fara zuwa, kuma na ji daɗinsa. Na yi ta neman yadda zan ce ba haka aka yi ba, ban samu ba.

Na tambaye ki a zuciyata tun kafin in buɗe wasiƙarki ko kin karya rantsuwar a ƙarshe. Na so a ce kin karya. Kin ce kin buɗe baki ba sau ɗaya ba, sai ki tuna kin dafa allolin gida, ki ji tsoron abin ya faɗo a kaina. Ba laifinki ba ne ko kaɗan. Kin roƙe ni, na ce ki jira.

Kin ce dinarin yana ƙarƙashin matashinsa duk kwanakin jinyar, yana shafa shi da babban yatsa. Kin ce ana gobe zai rasu ya sa kin buɗe taga, ya kai shi dab da idonsa ya daɗe, sannan ya ce, "Hereniya, kada ki riƙe yaron nan a zuci. Dubi irin kakan da ya samu. Da ganin wannan kin ga mutum. Mu ina muka ga irin wannan fuska a gidanmu?"

Zan taho jibi. Ba sai an gyara mini ɗaki ba, kuma in Miniyus ba ya son magana da ni kada ki matsa masa. Ki dai sa wani ya nuna mini inda aka ajiye tokar.

Ɗanki, in har yanzu kina so,
Numeriyus